Daren da Wata Ya Yi Ja: Nazarin Aikin Wata Ƙungiyar Masu Kallon Taurari a Zariya

Ƙungiyar da wannan nazari ya shafa ƙarama ce, ba ta da ofis, kuma ko a ranar da kowa ya zo ba mu cika mutum ashirin ba. A cikinmu akwai malaman sakandare biyu, da ɗaliban jami'a daga Samaru da Kongo, da wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari, da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin safiyo, sai kuma ni da aka damƙa wa littafin da muke rubuta abin da muka gani. Kayan aikinmu madubin hangen nesa ne guda ɗaya, wanda faɗin bakinsa bai wuce tafin hannu ba, da ƙananan madubai biyu masu ido biyu. Da rani, idan wata ya yi nisa dare ya yi duhu, mukan fita bayan gari ta wajen Dutsen Kufena, mu shimfiɗa tabarmi, mu kwashe sa'o'i muna duban sama. Zariya tana kusan digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka tauraron arewa ƙasa-ƙasa yake a wurinmu, amma a madadin haka muna samun taurarin kudu masu yawa waɗanda mutanen Turai ba sa gani daga ƙasashensu.

Shekaru muka yi a haka, mu kaɗai, babu wanda ya san da mu sai iyalanmu. Abin da ya fito da mu cikin jama'a shi ne husufin wata na ranar Juma'a da dare, 27 ga Yuli, 2018, wanda ya zo daidai da tsakiyar watan Zulƙida na shekarar 1439. A kan wannan dare, da shirin da aka yi masa, da abin da ya biyo bayansa, nazarin zai tsaya.

Abin da aka sani tun kafin ranar

Lissafin masana ya nuna cewa, a agogon Najeriya, inuwar duniya za ta fara cin wata da ƙarfe 7:24 na yamma, ta rufe shi gaba ɗaya da ƙarfe 8:30, ya kai tsakiyar inuwar wajen ƙarfe 9:22, ya fara fitowa da ƙarfe 10:13, sannan ya washe da ƙarfe 11:19. Ke nan zai yi kimanin minti 103 a rufe, kuma babu husufin wata da zai kai shi tsawo a wannan ƙarni na 21. Dalilin tsawon abu biyu ne: watan zai ratsa ta kusa da tsakiyar inuwar, inda ta fi faɗi, kuma a ranar yana mafi nisan zangonsa daga duniya, fiye da kilomita 400,000, inda tafiyarsa ta fi sanyi. A wannan rana kuma duniyar Mirriku, wato Mars, ta zo daura da rana, duniyarmu tana tsakaninsu, ta yi haske ja a kusa da watan, kuma bayan kwana huɗu ta matso kusan kilomita miliyan 57.6 daga gare mu, kusancin da ba ta yi irinsa ba tun 2003.

Mu a wurinmu wannan albishir ne. A wayoyin mutane kuwa wani abu daban yake yawo. Saƙonnin WhatsApp suna cewa wata zai koma jini, alamar tashin duniya ce. Wasu suna cewa za a ga wata biyu a sama, domin Mirriku za ta yi girman wata, ƙaryar da take dawowa kusan kowace shekara tun 2003. Wasu kuma, da suka tuna gargaɗin da aka yi lokacin kusufin rana na 29 ga Maris, 2006, wanda ya mayar da rana dare a Gusau da Katsina, sun ɗauka duk wanda ya kalli watan zai makance. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin gargaɗin gaskiya ne aka ɗauke shi daga inda ya dace aka ɗora a inda bai dace ba. Kallon rana kai tsaye yana ƙona ido, amma wata ba shi da hasken kansa, kuma kallonsa a cikin husufi ba ya cutar da kowa.

Muhawarar wuri

A zaman da muka yi makonni uku kafin ranar, ɗaliban sun so a yi taron a Samaru, inda akwai fili da tsaro, kuma ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba. Dattijon nan mai safiyo ya ƙi. Hujjarsa ita ce, wanda yake Samaru yana da hanyoyi da yawa na sanin abin da zai faru, amma yaron da zai fito da gwangwani yana kaɗawa don rana ta saki wata yana cikin ganuwa, a lungun da ba mu taɓa shiga da madubinmu ba. Bayan an ja, aka bi ra'ayinsa, aka zaɓi filin wata makarantar firamare a wata unguwa da ke cikin birni, saboda gabas ɗinta a buɗe yake, babu dogayen gine-gine.

Kuskurenmu na farko shi ne mun rubuta takarda da Turanci muka kai wa shugaban makarantar, muna zaton shi ke nan. Ya karɓa, ya ce ba shi da ikon ba da fili da dare, kuma ba zan ga laifinsa ba. Mai gyaran rediyon ne ya ce mun shiga gida ta taga, a koma a bi ta ƙofa. Muka je wurin mai unguwa, ya saurare mu, ya ce shi ba ya da ja, amma maganar sama da wata ta malamai ce, sai mun ga liman.

Zaman zaure

Wannan zama shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya, saboda haka zan ɗan daɗe a kansa. Mun je bayan La'asar, mu uku. Liman yana zaune a kan buzu, littattafai a jingine da bango, almajirai biyu suna wanke alluna a bakin ƙofa. Bayan gaisuwa, dattijonmu ya ce, "Allah ya gafarta malam, mun zo ne da maganar zazzaɓin watan da za a yi ranar Juma'a ta sama da dare." Liman ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambayi abin da na tabbata yana zuciyar mutane da yawa: ta yaya muka san ranar, har da minti, kuma mene ne bambancin wannan da aikin masu duba?

Tambaya ce mai nauyi, kuma a ganina duk wanda zai yi wannan aiki a ƙasar Hausa dole ya shirya mata da gaske. A bakin mutane, "ilimin taurari" ya daɗe da cakuɗewa da bugun ƙasa da neman sa'a, har idan aka ce wane yana duba taurari, ba madubi ne yake fara zuwa a rai ba. Dattijon bai yi gaggawa ba. Ya ce mai duba yana da'awar sanin abin da zai sami mutum, arzikinsa ko aurensa ko ajalinsa, mu kuwa ba mu san ko za mu kai daren ba, ba mu ma san ko hadari zai bari a ga watan ba. Abin da muka sani tafiyar wata ce kawai, wadda ake aunawa kamar yadda ake auna lokacin faɗuwar rana a rubuta shi a jadawalin salla na shekara guda, ba wanda ya ce gaibu ne. Ya kawo ayar Suratur Rahman da take cewa rana da wata suna tafiya bisa lissafi. Daga nan ya buɗe littafinmu ya nuna cewa husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11 da kusan sa'a 8: an yi irin wannan a ranar 16 ga Yuli, 2000, ko da yake a wancan ɓangaren duniya aka gan shi, ga na 27 ga Yuli, 2018, kuma ɗan'uwansu na gaba zai zo a watan Agusta na 2036. Mutanen Babila sun gano wannan zagaye tun kafin a ƙera madubin hangen nesa.

Sai ga shi liman ya fi mu sanin wani ɓangare na maganar. Ya lissafo mana manzilolin wata guda 28 da malamai suke ƙirga damina da su, kowane tauraro da kwanakinsa 13, ɗaya kawai yake da 14, su cika 365. Ya ambaci Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha kamar yana kiran sunayen maƙwabta. Ɗalibin da ya raka mu, wanda yake karatun kimiyya, bai taɓa jin wannan ba. A nan na gane cewa ba ilimi muka kawo wa unguwar da ba ta da shi ba, wani yanki muka kawo, muka tarar da wani.

Liman ya yarda, bisa sharuɗɗa. Kada taron ya hana kowa sallar Isha'i. Kada a mayar da abin biki, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, kuma ya yi umarni da salla da addu'a idan an gani. Annabin ya faɗi haka ne a ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi kusufin rana. Sannan a ware wa mata gefensu. Liman ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, ba a yin jam'i a husufin wata, kowa yana yin nafilarsa shi kaɗai, duk da cewa akwai masallatan da suke yi a jam'i bisa fahimtar wasu malamai. Shi ya ba da shawarar a rubuta lokutan a takarda, da boko da ajami, a manna a ƙofar masallaci. Wani almajirinsa ne ya rubuta mana ajamin. Da liman da mai unguwa suka sa baki, maganar fili ba ta ƙara zama matsala ba.

Daren

Mun isa kafin Magariba. Ƙarshen Yuli tsakiyar damina ne a Zariya, kuma tun rana muke ɗaga kai muna duban gajimare. Rana ta faɗi gab da ƙarfe 7, gabas kuwa akwai gizagizai a ƙasa-ƙasa, don haka farkon cin watan ya wuce mu. Da ya ɓullo ta wata kafa, an riga an gutsure gefensa. Wani yaro ya ruga ƙofar masallaci ya duba takardar, ya dawo yana tambayar ƙarfe nawa.

Kafin duhu ya gama sauka, yamma tana da Zara (Venus), wadda ake wa kirari da matar wata, Mushtari (Jupiter) yana sama, Zuhal (Saturn) yana biye ta gabas. Mun yi niyyar nuna su ɗaya bayan ɗaya, amma da aka idar da Isha'i jama'a suka taho gaba ɗaya, layin madubi ya miƙe har bakin katanga. Kowane mutum yana bukatar a nuna masa inda zai sa ido, a hana shi riƙe bututun, sannan a sake saita madubin, domin juyawar duniya tana fitar da watan daga cikinsa a 'yan mintuna. Yara suka fara turereniya, wani ya bangaji ƙafar madubin, aka ɓata lokaci ana neman watan. Mutane da yawa sun tsaya a layi suna kallon ƙeyar na gabansu, alhali abin da suka zo gani yana bisa kansu, kuma ido kaɗai ya isa.

Abin da ya ceci daren lemo ne da tocila. Ɗaya daga cikin malaman sakandaren ya tara yara a gindin bishiyar darbejiya, ya ba wani yaro tocila ya ce shi ne rana, ya ɗora wa wani ƙwallo a ka ya ce duniya ce, shi kuma ya soke lemon tsami a tsinke yana zagaya ƙwallon da shi. Da lemon ya shiga bayan ƙwallo, haske ya ɗauke daga jikinsa. Ya tambaye su wa ya kama wata. Suka yi ta gardama har wata yarinya da take riƙe da ƙaninta ta ce babu wanda ya kama shi, inuwa ya shiga. Wani babba daga baya ya tambaya, in haka ne me ya sa ba a yi kowane wata? Malamin ya ɗaga lemon sama kaɗan, ya zagaya da shi, ya wuce ta saman inuwar haske bai ɗauke ba. Ya ce hanyar wata a karkace take da kimanin digiri 5, saboda haka yawancin watanni ta sama ko ta ƙasan inuwar yake bi. Na ga dattawa sun bar layin madubi sun dawo bayan yaran sun tsaya.

Da ƙarfe 8:30 ya gabato, filin ya yi tsit. Ɗan siririn hasken da ya rage a gefen watan ya ƙanƙance, ya ɓace, watan ya koma ja mai duhu kamar tukunyar ƙasa da aka fito da ita daga wuta. Taurarin da haskensa ya ɓoye suka fito. Ta hannun dama Mirriku tana ci kamar garwashi, ɗigo ɗaya, ba wata na biyu ba. Ana ta salati da istigfari. Wani mutum ya haska agogonsa, ya nuna wa na kusa da shi, bai ce komai ba. Daga wata unguwa can nesa muna jiyo ƙarar gwangwanaye da muryoyin yara, a filinmu kuwa wasu yaran da suka zo da nasu sun ajiye su a ƙasa. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya zuwa masallaci ko gida don yin nafila, wasu su dawo.

Tambayar da aka fi yi ita ce ta jan launin. Mun amsa da cewa iskar da ta lulluɓe duniya tana tankwaso hasken rana zuwa cikin inuwar, tana watsar da shuɗin, jan ya wuce, kuma shi ne dai jan da ake gani a yamma kullum idan rana za ta faɗi. Wata tsohuwa ta sa jikanta ya kira ni, ta ce, "Ɗan nan, to ba fushi aka yi da mu ba?" Na ce mata, "Iya, aya ce ta Ubangiji, kuma ga lokacin da zai washe a rubuce, in Allah ya yarda." Ta ce za ta jira. Hadari ya rufe sama kafin ƙarfe 10, ya buɗe, ya sake rufewa, amma an ga farin gefen watan ya dawo, kuma tana nan zaune a kan kujerarta.

Waɗanda suka samu duban Mirriku a madubi ba su ga komai ba sai ƙwallo mai ruwan lemo. A waɗancan watanni ƙura ta turnuƙe duniyar Mirriku baki ɗaya, guguwar da ta kashe motar bincike ta Amurka mai suna Opportunity, wadda aka daina jin ɗuriyarta tun 10 ga Yuni. Da muka ce hazo ake yi a can kamar namu na hunturu, nan take aka gane.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

A nawa hukuncin, takardar ƙofar masallaci ta fi madubin amfani nesa ba kusa ba. Gani ya kori ji: mutum ya karanta 8:30 tun kwanaki kafin ranar, ya zo ya ga an yi a 8:30, kuma limaminsa ne ya yarda aka manna. Da mun manna ta da kanmu ba tare da zaman zauren ba, daidaituwar lokacin nan ita ce za ta zama hujjar masu cewa duba muke yi. Abu ɗaya ne, amma ƙofar da ya shigo ta ita ta sa aka karɓe shi a matsayin lissafi.

Inda muka gaza kuwa, mun gaza sosai. Mun yi alkawarin gefen mata, muka ware shi, amma ba mu da mace ko ɗaya a ƙungiyar da za ta tsaya a can, kuma madubin yana gefen maza. Sai can wajen ƙarfe 9 aka tuna aka miƙa musu ƙaramin madubi guda, babu mai nuna musu yadda ake saita shi. Matan aure da suke cikin gidaje, waɗanda su ne suke amsa tambayoyin yara idan an koma, ba mu kai gare su ba sam. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin yarinyar da ta fara gane maganar inuwa ba ta samu ta sa ido a madubin ba.

Harshe ma ya ba mu wahala. Ɗalibanmu sun san abin, amma da Turanci suka san shi, kuma da an tambaye su sai su fara da Hausa su ƙare da kalmomin da mai tambaya bai taɓa ji ba. Bayan taron muka zauna muka tsayar da kalmomin da za mu riƙa amfani da su: inuwa mai duhu da inuwa mai sauƙi, falaki ko hanyar wata, daura da rana. Muka kuma ɗora wa kanmu tattara sunayen da ake da su tun da, irin su Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki, mu fara da su kafin mu kawo wani suna daga waje. Game da madubi, shawarar da aka yanke ita ce a daren husufin wata ba za a ƙara kafa shi a tsakiyar fili ba, sai bayan an gama bayani, kuma a jere yara goma-goma.

Bayan wata shida

Gwajin gaskiya ya zo ranar Litinin, 21 ga Janairu, 2019, da wani husufin wata cikakke, wannan karon da asuba: inuwa ta fara ci da ƙarfe 4:34, ta rufe shi da ƙarfe 5:41, yana gangarawa yamma. Ba mu shirya taro ba, saboda sanyin hunturu da kuma lokacin. Mako guda kafin ranar, almajirin nan da ya rubuta mana ajami ya zo shagon mai gyaran rediyo a Sabon Gari da saƙon liman, cewa an ji za a sake yi, a aiko da lokutan. Muka rubuta, wannan karon kofi biyu, ɗaya na ƙofar masallaci, ɗaya kuma matar ɗaya daga cikin malamanmu ta kai makarantar Islamiyyar matan aure ta unguwar, ta yi musu bayanin da lemo da tocila.

Ni da dattijon muka je sallar Asuba a can. Da aka fito, mutane suka tsaya a ƙofar masallaci cikin mayafai da rigunan sanyi, suna fuskantar yamma, inda watan yake rataye ja a cikin hazo, saman rufin gidaje. Ba mu zo da madubi ba. Wani yaro ɗan kimanin shekara goma yana tsaye a gefen mahaifinsa, ya dunƙule hannu ɗaya, yana zagaya shi da ɗan yatsan ɗaya hannun, yana nuna masa inda inuwar take faɗawa.